Lasifika Marar Akwati: Nazari a Kan Amo, Fata da Katako a Ƙasar Yauri

Gabatarwa

Kalmar lasifika baƙuwa ce a Hausa, daga Ingilishi aka aro ta aka yi mata kwaskwarima har ta zama 'yar gida. Akwai kuma sunan da Bahaushe ya laƙaba wa wannan na'ura daga cikin rumbunsa, watau amsa-kuwwa, wanda asalinsa sunan muryar nan ce da dutse ko bango yake mayar wa wanda ya yi kira. A garin Yelwa, da Wara ta Ngaski, da Shanga, da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, iri biyu aka fi sani. Akwai mai bakin kakaki wadda ake ɗaurawa a kan masallaci ko a motar masu tallar magani, akwai kuma ta akwati wadda kafintoci suke haɗa wa masu kiɗan biki. Wannan maƙala za ta dubi iri na uku wanda ba a saba gani ba: lasifikar da aka kafe a jikin allon katako kawai, bayanta a buɗe, ba akwati ba marfi. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa Sashen Hausa da aikin kafinta. Amsar ita ce, duk ɗalibin da ya zauna zai rubuta waƙar Aliyu Ɗandawo ko ta ɗansa Sani daga tsohon kaset ya san wahalar da ke akwai idan akwati ya cika ɗaki da gunji ya danne baitin mawaƙi da amshin 'yan amshi. Kalmar da kunne bai kama ba, ita ce ake rubutawa bisa kuskure, kuskuren kuma ya shiga kundin digiri ya zauna.

Filafili da fatar ganga

Amo ba wani abu ba ne illa matsawa da sakin iska a jere, suna tafiya kamar taguwar ruwa. Gudunsa mita 343 ne cikin sakan ɗaya idan zafin iska yana kan digiri 20. A zafin bazara na Yauri, sa'ad da ma'auni ke kaiwa 40, gudun yakan kai kimanin mita 355, amma bambancin bai kai a sake lissafi dominsa ba. Yawan kaɗawar amo cikin sakan ɗaya shi ake aunawa da haz. Amo mai kauri kaɗawarsa kaɗan ce, tazarar da ke tsakanin taguwarsa kuma doguwa ce: a haz 100 tazarar ta kusa mita uku da rabi, a haz 50 ta kusa mita bakwai. Siririn amo na haz 1000 kuwa tazararsa santimita 34 ce kacal.

Faifan lasifika, watau takardar nan mai siffar mazurari da maganaɗisu ke turawa gaba da baya, fuska biyu gare shi. Sa'ad da ya turo iskar gabansa ta matsu, a daidai wannan lokaci ya bar gurbi a bayansa. Basarke ko Bagunge da ya tashi a kan ruwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, domin abin da filafili yake yi ke nan. In an tura filafili a hankali, ruwan da ya taru a gabansa sai ya zagayo ta gefe ya cike gurbin baya, a ga 'yar guguwa tana juyawa, ba wata taguwa da za ta yi nisa. In an faɗaɗa filafilin, ko aka kaɗa shi da sauri, ruwan ba ya samun sukunin zagayowa, sai taguwa ta tashi. Haka iska take yi wa lasifikar da aka riƙe tsirara a hannu: siririn amo yana fita, mai kaurin kuwa gaba da baya suna cinye juna, sai a ji kiɗan ya zama kamar na cikin gwangwani.

Masu sassaƙa kayan kiɗa sun daɗe da warware wannan matsala ta hanyoyi dabam-dabam, ko da yake ba da alƙalami ba. Tambarin sarki da taushin makaɗan fada fata ɗaya gare su a kan akushi rufaffe, iskar baya a tsare take, ba ta da hanyar zagayowa, shi ya sa amon tambari yake ketare gari. Wannan shi ne kakan lasifikar akwati. Kotso, irin na Narambaɗa, fata ɗaya ne shi ma, amma gindinsa a buɗe, sai dai iskar baya tana bin doguwar hanya ta cikin ƙugun icen kafin ta fito. Bandirin 'yan Ƙadiriyya, musamman mai siffar rariya, shi ne ainihin ɗan'uwan abin da ake magana a kai: fata a kan zobe, gaba da baya duk a sarari. Wanda ya lura zai ga bandiri sai ya yi faɗi yake samun kauri, kuma amonsa a bushe yake, ba ya gunji.

Ɗan tarihi

Lasifikar da ake amfani da ita yau ta samo asali daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, wanda suka bayyana a 1925. Tun a lokacin an gane cewa sai an kafe ta a jikin allo take ba da kauri, kuma rediyoyin farko bayansu a buɗe yake ko kuwa an rufe shi da kwali mai huji-huji. A 1954 Edgar Villchur ya fito da ƙaramin akwati rufaffe mai ba da kauri sosai, daga nan kasuwa ta karkata ga akwati, domin matan gida a ko'ina ba su son katon allo a tsakar ɗaki. Duk da haka hanyar ba ta mutu ba. A Ingila, Gilbert Briggs na kamfanin Wharfedale ya sayar da allo mai ɓawo biyu da aka cika tsakaninsu da yashi wajen 1956, Peter Walker kuma ya fito da Quad mai buɗaɗɗen baya a 1957. Wanda ya fi kowa farfaɗo da ita a wajen masu haɗa kayansu a gida shi ne Siegfried Linkwitz, injiniya haifaffen Jamus mazaunin Kalifoniya, wanda ya fitar da tsarin Orion a 2002, ya rasu a 2018. Yawancin lissafin da ke tafe ya yaɗu ne ta hannunsa.

Lissafin allo

Aikin allo ɗaya ne: tsawaita hanyar da iskar baya za ta bi kafin ta iske ta gaba. A kira wannan ƙarin hanya tazarar zagaye. A allo miƙaƙƙe, kusan ita ce nisan da ke tsakanin tsakiyar faifai da bakin allo mafi kusa. Daga wannan tazara guda ake fitar da lambobi uku, kuma duk mai son ya yi wannan aiki sai ya riƙe su.

In aka raba gudun amo da ninki biyu na tazarar, za a sami wurin da gaba da baya suke haɗa kai maimakon su yi faɗa, amon ya yi tozo har ya ɗara na akwati da desibel 6. In aka raba da tazarar ita kaɗai, za a sami wurin da suke sake cinye juna, amon ya faɗa rami. In kuwa aka raba da ninki shida, za a sami wurin da allo da akwati suke kunnen doki. Daga nan zuwa ƙasa allo yana hasarar desibel 6 duk lokacin da yawan kaɗawa ya ragu da rabi.

Alal misali, a ɗauki allo mai faɗin santimita 60, an kafe lasifika a tsakiyarsa. Tazarar zagaye santimita 30 ke nan. Tozon zai faɗo wajen haz 570, ramin wajen haz 1140, kunnen dokin kuma wajen haz 190. Ma'ana, a haz 95 an rasa desibel 6, a haz 48 an rasa 12. Kunne yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙarfin amo biyu, saboda haka wannan hasara ba ƙarama ba ce. Muryar namiji baligi tana kaiwa da komowa tsakanin haz 85 da 180, ta mace tsakanin 165 da 255. Ke nan irin wannan allo, in ba a yi masa gyara ba, zai ramar da muryar namiji ya bar ta mace kusan yadda take.

A nan akwai abin da ya kamata ɗalibin tsarin sauti ya tsaya a kai. Karin sautin Hausa, wanda ya raba kuka ta miya da kuka na hawaye, yana rataye ne a kan wannan kaɗawa ta tushe ta tantanin maƙwallato. Sai a zaci lasifikar da ta yanke ƙasa da haz 200 za ta shafe karin sama da karin ƙasa. Ba haka abin yake ba. Kowace murya tana tafe da 'ya'yanta, watau kaɗawa ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu na tushen, kuma ƙwaƙwalwa tana gano tushen daga tazarar da ke tsakanin 'ya'yan ko da shi kansa bai iso kunne ba. Wayar tarho ta dā daga haz 300 zuwa 3400 kawai take ɗauka, amma ba a taɓa jin Bahaushe ya kasa bambanta kalmomin nan biyu a waya ba. Wannan ne ya sa mai bakin kakaki ta wadatar wajen kiran salla da wa'azi, alhali ba ta da kauri ko kaɗan. Abin da ke ɓata fahimtar magana ba rashin kauri ba ne, yawansa ne, domin amo mai kauri yana danne siririn da ke bisansa, baƙaƙe irin su s da sh da ts da f kuwa a can sama suke zaune.

Ramin da aka ambata yana yin zurfi ne in hanyoyin zagayen duk tsawonsu ɗaya, watau allo da'ira ko murabba'i da lasifika a cibiyarsa. Harry Olson na kamfanin RCA ya nuna tun tuni cewa in aka gusar da ita daga tsakiya, hanyoyin suka bambanta, ramin sai ya cike. Ido yana son daidaito, kafinta ma haka, amma a wannan wuri karkatacce ya fi.

Ba sai allo ya yi faɗin ƙofar zaure ba. Ana iya naɗe shi, a yi masa fikafikai biyu da suka miƙa baya. Fiffike mai zurfin santimita 20 a kan allon da aka ambata yana mayar da tazarar kusan santimita 50, kunnen dokin ya sauko wajen haz 114. Sai dai kwaɗayi yana da iyaka: kogon da fikafikan suka yi yana da nasa amon, wanda ake samu in an raba gudun amo da ninki huɗu na zurfin. Santimita 20 tana ba da wajen haz 430, wanda za a iya kauce masa. Santimita 40 kuwa tana saukar da shi wajen haz 215, tsakiyar murya, an koma gidan jiya ke nan, an yi akwatin da ake gudu. Daɓen ɗaki shi ma allo ne na kyauta, domin iska ba ta zagayawa ta ƙarƙashinsa, shi ya sa ake kafe babbar lasifika dab da ƙasa.

Zaɓen lasifika a kasuwa

Hasarar da allo ke yi, faifai ne yake biya da gumi. A akwati rufaffe, in an rage yawan kaɗawa da rabi ana son ƙarfin amo ya tsaya yadda yake, sai faifai ya ninka tafiyarsa sau huɗu. A allo sau takwas ne. Ƙaramar lasifika ba za ta iya ba, za ta yi ta bugun ƙirji a banza har waya ta ƙone. Faɗin faifan mai inci 15 ya kai santimita murabba'i 850, na mai inci 8 kuwa wajen 215, watau kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka mai inci 15 ake nema, ko mai inci 12 guda biyu a kowane allo. Abin farin ciki, irin waɗannan su ne suka cika shagunan masu gyaran kayan kiɗa saboda masu biki.

Masana'antu sukan rubuta wata lamba da ake kira Qts, daga aikin da Neville Thiele da Richard Small suka yi a Ostireliya a shekarun 1960 da 1970. Tana nuna yadda maganaɗisu yake riƙe faifai kada ya yi ta lilo a kan amonsa na ɗabi'a. Lasifikar akwati mai tsada lambarta wajen 0.35 take, maganaɗisunta ƙato, riƙonsa tsanani. A allo wannan riƙo cuta ne, domin yana ƙara rage kaurin da dama ya yi ƙaranci. Ana son lamba daga 0.7 zuwa 1.3. Misalin da ya yi suna shi ne Eminence Alpha 15A, mai lamba 1.26 da amon ɗabi'a a haz 41. A daidai wannan wuri tana ɗara mai lamba 0.35 da kimanin desibel 11, in sauran halayensu ɗaya ne. Wato a nan mai ƙaramin maganaɗisu, wadda ta fi araha, ita ce ta fi dacewa, abin da ba kasafai ake samu a kasuwa ba.

Mafi yawan abin da ake sayarwa ba ya zuwa da takarda. Akwai gwaji mai sauƙi. A haɗe bakin wayoyin lasifikar biyu da guntuwar waya, a kai ta kusa da kunne, a ƙwanƙwasa faifan da ɗan yatsa. In amon ya mutu nan take kamar an bugi buhun gero, riƙon ya yi yawa, ta akwati ce. In ya ɗan ja kamar ƙaramar ganga ko da an haɗe wayoyin, to, ta allo ce.

Saura daidaita hawan nan na desibel 6. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa naɗin waya a kan layin babbar lasifika, domin naɗi yana rage siririn amo da desibel 6 shi ma, sai hawa da gangara su share juna. Naɗi mai milihenri 10 a kan lasifika mai om 8 yana fara aiki wajen haz 127. Masu naɗin injin fanka da na famfon ban-ruwa suna iya yin sa da waya mai kauri. Daga wajen haz 300 zuwa sama sai a miƙa aikin ga ƙaramar lasifika mai inci 5 zuwa 8 da aka kafe a saman allon daidai kunnen wanda ke zaune, a tsare ta da kafasita mai maikurofarad 68 irin wadda ba ta da kai da gindi. Batirin tocila guda ya isa a gane wace waya ce ke tura faifai gaba, don kada allon dama da na hagu su yi hannun riga. Lalle a sani cewa wannan gyara ba ƙara kauri yake yi ba, rage sauran yake yi su daidaita da shi. Wutar da aka rage ta tafi ke nan. Ga wanda ke dogara da batir da faifan hasken rana, kamar gidaje da yawa a bakin tafkin da madatsarsa ke ba ƙasa wuta tun 1968, wannan abin lissafawa ne kafin a sayi amfilifaya.

Ɗaki, yashi da zanzaro

To, me ake samu bayan duk wannan hasara? A gefen allo, dama da hagu da sama, amon gaba da na baya suna isowa tare da ƙarfi ɗaya, sai su kashe juna. Amon yana fita gaba da baya kawai, da siffar lamba 8, ko a ce siffar kalangu in an kwantar da shi. Jimlar ƙarfin da yake zubawa cikin ɗaki kashi ɗaya cikin uku ne na abin da akwati zai zuba, alhali wanda ke zaune a gabansa yana jin ƙarfi ɗaya. Wannan shi ne dukan ribar, kuma a irin ɗakunan wannan yanki riba ce babba. Tun daga gidajen bulo da aka gina wa dubban mutanen da ruwa ya tasa daga tsibirai da gaɓar Kwara a ƙarshen shekarun 1960, har zuwa ginin yau, ɗaki bulo ne da filasta da daɓen siminti ko tayil, ba abin da ke shan amo. Ɗakin nan da magina suka fi so, ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi, yana da nasa amon wajen haz 47 da ninkinsa, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, gunjin ninki biyu yake yi. Akwati yana tayar da shi ta kowace fuska. Allo ba ya cika taɓa bangon gefe da rufi. Ban da haka, ba iskar da aka tsare da za ta dawo ta cikin takardar faifai, ba kuma bangon akwati da zai yi nasa kiɗan.

Sharaɗin shi ne a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin allo da bangon baya, domin amon da ya je ya dawo ya makara da kimanin kashi shida cikin dubu na sakan, kunne ya ɗauke shi a matsayin faɗin wuri maimakon ya gauraya shi da na farko. A ɗaki mai ƙafa 12 da gado da kwalla, wannan mita ɗaya ba ta samuwa, kuma gaskiya ita ce mai irin wannan ɗaki ya haƙura da ƙaramin akwati. Allo na falo ne, ko babban zaure, ko ɗakin sauraro na makaranta. Haka kuma ba shi da amfani a fili. Ranar Rigata a bakin ruwan Yauri, inda ba bango kuma ana son amo ya kai tsallake, mai bakin kakaki da manyan akwatuna ne da filin.

Kayan aikin ba su da yawa. Fallen filawud mai kaurin milimita 18, ƙafa 4 da ƙafa 8, yana ba da gida huɗu masu santimita 61 da 122: biyu allo, biyu a yanka fikafikai da ƙafafu. Allon yana son nauyi, domin duk turawar da faifai ya yi gaba, katakon baya yake ja. Dabarar Briggs ta dace da wurin da yashi ba kuɗi: falle biyu sirara, a bar tsakani kamar santimita biyu, a cika da yashin kogi da aka tankaɗe aka shanya ya bushe sarai. Ɗanyen yashi ruɓar da katako yake yi daga ciki. Kafintan da ya iya haɗa kwale-kwalen da ruwa ba ya shiga ba zai kasa haɗa allon da yashi ba ya zuba ba. Maɗaci ma yana yi in ya bushe, sai dai falle guda mai wannan faɗi yakan kantare tsakanin damina da rani.

Buɗaɗɗen baya yana da abokan gaba da littattafan Turai ba su ambata ba. Ƙurar hunturu tana shiga siririn ramin da naɗin waya yake kaiwa da komowa a ciki, maganaɗisu kuma yana jawo duk wani garin ƙarfe, sai a fara jin ƙarar gogayya. Laimar bakin tafki a watan Agusta tana tausasa takarda. Zanzaro yana ganin bayan lasifika wurin gini ne da aka tanadar masa, ɓera da yatsun yara kuwa ba a magana. Maganin duka shi ne a yi firam mara nauyi a baya, a ja masa yadin gidan sauro ko wani yadi sakayau wanda in an hura iska take wucewa ba tare da tsayawa ba. Leda ko kwali ba su yi, domin sun mayar da shi akwati. A ɗora ƙafafun a kan guntayen roba saboda gara da damshin daɓe, a kuma cire yadin a kakkaɓe shi sau biyu ko uku kafin hunturu ya fita.